Siririn Littafi da Gonar Bube

Litinin, 13 ga Mayu, bayan la'asar

Na iso gida. Daga Tawa zuwa Tasawa mota, daga Tasawa zuwa nan kabu-kabu, mai mashin yana gudu kamar ya sato shi, sau biyu muka kusa kifewa cikin rairayin hanyar Korgom. Inna ce ta kira ni ranar Asabar, ta ce, "Raihana, in kina da hali ki taho, Lurwanu ya kai Babanki ƙara gun maigari bisa gona." Ba ta ƙara komai ba. Ni ma ban tambaya ba, don na san dalili.

Egizama, jarrabawar ƙarshen shekara, saura sati biyar. Littafi ɗaya na sako a jaka, siririn nan mai shuɗin bango, da wannan kaye da nake rubutu a ciki.

Baba ya tarbe ni a bakin zaure, ya ce, "Uwata, ya lakwal?" Makaranta yake nufi. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake ce mini uwata. Ya rame. Ya tambaye ni hanya, ya tambaye ni zafi, bai ce uffan kan gona ba.

Talata, 14 ga Mayu, da hantsi

Bari in rubuta yadda abin yake, ko kaina zai daina juyi.

Gonar ta marigayi Bube ce, aminin Baba. Shekara talatin da huɗu da suka wuce Bube ya bi shanunsa, ya ce wa Baba ya riƙa noma ta. Ba takarda, ba komai, baki da baki. Ita ke ci da gidanmu. Ɗan abin da Baba ya gada bayan an raba da ƙannensa bai wuce a shanya tabarma biyar ba, ko wata biyu ba zai kai mu ba. Kowace kaka, kafin a sa ko zangarniya ɗaya a rumbu, Baba yakan zaɓi damin gero mafi kyau ya kai gidan Bube. Da Bube ya rasu, sai ya ci gaba da kai wa Lurwanu, babban ɗansa.

Bara ba a kai ba.

Maigari ya sa ranar zama, Litinin 3 ga Yuni. Ya ce kafin nan kada kowa ya taɓa gonar. Maƙwabta duk sun fara binne, sun sa irinsu a ƙasa suna jiran ruwa. Tamu tana nan da takin da Baba ya yi rani yana kai mata a amalanke, tuli-tuli.

Laraba, 15 ga Mayu, da safe

Ba hadari. Karon farko a rayuwata da na ji daɗin haka, don kada ruwa ya sauka tamu ba a shuka ba, Allah ya yafe mini.

Alhamis, 16 ga Mayu, bayan azahar

Na je rijiya don in rage wa Inna aiki, na yi da-na-sani. Tun daga nesa matan suka fara, "Ga Metir nan! Metir, a ba mu hanya ko a kai mu tirbinal?" Da can in an ce mini Metir, yadda ake kiran lauya, har wani girma nake ji, ina shekara ta biyu a fakulte, inda nake karatun doka a jami'a, amma ina tafiya kamar na gama. Yau sai na ji kamar ana zuba mini barkono. Wata tsohuwa ta ce, "Ke ɗiyar nan, takardag ga da anka aike ma Lurwanu, da Faransanci aka ce an rubuta ta ko?" Na ce ban sani ba. Na ɗauki tuluna rabi na taho.

Na dawo na buɗe shuɗin littafin. Shafi na sittin da ɗaya, inda na ja layi da jan bik tun bara: wanda ya riƙe fili shekara talatin a bainar jama'a, ba gardama, ba yankewa, filin ya zama nasa. Ga shi nan ɓaro-ɓaro. Na karanta sau huɗu. Ba ni na ƙirƙira ba, a littafi yake.

Juma'a, 17 ga Mayu, bayan an sauko

Inna ba ta yi mini faɗa ba har yanzu. Da ta yi, da na samu sauƙi. Sai dai in ta auno gero daga rumbu ta tsaya tana kallon cikin tiya, ta mayar da tafi ɗaya.

Lahadi, 19 ga Mayu, da yamma

Na je Tasawa wurin Malam Ladan. Tsohon girehiye ne, magatakardan kotu, ya yi shekaru yana rubutu a tirbinal kafin ya huta, kuma an ce ba wanda ya kai shi tarin littattafan doka a garin. Gaskiya ne. Suna cikin akwatin ƙarfe biyu, ya ɗora akwatunan kan bulo saboda gara.

Na ba shi labari, na rage abin da na rage. Na miƙa masa shuɗin littafina da alfahari. Ya juya shi gaba da baya kamar mai taya kaza, ya ce, "Wanga ina kinka same shi?"

Na ce bakin fakulte, kowa da shi yake karatu.

"Ba shi da laihi," in ji shi. "Na cin egizama ne. Mai shi ya tsamo maku kan magana don ku haddace ku zuba ma mushe malaminku. Amma ba a shiga gaban mutane da shi, ɗiyata."

Raina ya ɓaci. Na ce doka ai doka ce, ko a siriri ko a kauri. Ya yi dariya har da tari, ya ce to. Ya fiddo guda biyu ya ajiye a tabarma. Ɗaya ƙato mai jan bango, kundin dokar dukiya da mu'amala baki ɗaya, artikil bayan artikil, wato sashe bayan sashe. Ɗayan tarin fotokofi ne an ɗaure da roba, dokokin filayen karkara na ƙasarmu, duk ya ci kunne. Ya ce dokarsa ita ce ba ya ba da aron biyu a lokaci guda, tun da wani ya tafi masa da uku. In zaɓi ɗaya, in dawo da shi bayan sati.

Na daɗe ina kallonsu. Na fotokofin ya yi mini kama da takardun ƙunshe ƙosai. Jan kuwa, ko ɗaukarsa ka yi ka shiga zauren maigari sai an gyara zama. Na ce jan. Malam Ladan ya ce, "Na san shi za ki ɗauka." Ban tambaye shi me yake nufi ba.

A hanya na tuna ranar da na sayi shuɗin. Mai sayar da littattafan ya ɗora mini irin wannan jan a hannu, ya ce in haɗa biyun, ɗaya na karatu ɗaya na dubawa. Na ce me zan yi da bulo? Ba zai shiga jakata ba, kuma rubutunsa kamar ƙwan kiyashi.

Litinin, 20 ga Mayu, da hantsi

Na fara daga farkon babin, a hankali, da ƙamus a gefe. Na ga shekara talatin ɗin. Tana nan. Na ji sanyi.

Litinin ɗin dai, kafin la'asar

Innalillahi.

Laraba, 22 ga Mayu, da safe

Jiya ban iya rubutu ba.

A babin nan dai, shafi guda tsakani. Jan littafin ya ce wanda yake riƙe da abu a madadin wani, mai haya ne, mai ajiya ne, ko duk wanda aka ba riƙo, abin ba zai taɓa zama nasa ba, komai daɗewa. Layi uku. Shuɗin littafina bai kawo su ba, ko ya kawo su a wani wuri da ban ja wa layi ba. Na duba har idona ya yi ja, babu. Mai littafin bai yi ƙarya ba, ya dai taƙaita. Ni ce na ɗauki rabin magana na zo da ita gida ina kumbura.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Sau nawa na ji wannan a bakin tsofaffi ina cewa da wasu ake.

To bari in rubuta, tun da kayen nawa ne. Hutun bara, lokacin kaka, na tarar Baba yana ɗaure damin Lurwanu. Na ce ya ajiye. Na ce gonar ta zama tasa tun shekara uku da suka wuce, doka ta ba shi, damin nan ne ma ke ɗaure shi. Ya ce, "Uwata, aro ce." Na ce Baba kai ba ka sani ba. Haka na ce wa mahaifina. Na yi kwana uku ina karanta masa shafi na sittin da ɗaya ina fassarawa, har ya gaji ya kwance damin. Ban tsaya nan ba. Na rubuta wa Lurwanu takarda da Faransanci, da lambar artikil, cewa daga yau gidan Bube ba shi da haƙƙi a gonar. Na shafa wa Baba tawadar bik a babban yatsa ya dangwala. Ya tambaye ni me ke ciki, na ce sanarwa ce kawai.

Lurwanu bai taɓa neman gonar nan ba. Yana da tasa. Dami ɗaya kawai.

Alhamis, 23 ga Mayu, bayan azahar

Hadari ya haɗu gabas, ya yi baƙi, iska ta watsa shi. Baba yana zaune yana gyara ƙotar sungumi da ba inda zai kai shi.

Asabar, 25 ga Mayu, da yamma

Na mayar da jan littafin tun kafin sati ya cika. Malam Ladan ya dube ni sau ɗaya ya ce, "Kin ganta ke nan." Na ce na gani. Na ce me ya sa bai gaya mini ba tun ranar? Har muryata ta tashi. Ya ce, "Da na hwaɗa maki da kin yarda? Ke da kinka ce ma ubanki bai sani ba?" Ashe labarin ya riga ni zuwa Tasawa. Na yi kuka a gabansa, ban so ba.

Ya bar ni na gama, sannan ya tura mini na fotokofin. Ya ce tun farko shi ya kamata in ɗauka, don rigimar gona tsakanin mutanen ƙauye da al'adar wurin ake yanke ta. Maigari zai nemi sulhu. In ya gagara a tafi gun sarki, in ya gagara a zo tirbinal, can ma alƙali zai zauna da dattawa biyu masana al'ada su gaya masa yadda ake yi. Na ce to ita al'adar wane littafi ke da ita? Ya ce, "Koma gida ki tambayi Na Allah. Ya hi ni saninta." Na Allah shi ne Baba.

Shekara biyu ina fakulte. An faɗi wannan a aji, na tabbata an faɗa. Wataƙila ranar ina haddar shafi na sittin da ɗaya.

Litinin, 27 ga Mayu, da hantsi

Na karanta na fotokofin kaf. Ba shi da kwarjini amma yana magana da mu: gona, burtali, rijiya, aro, jingina. Har da yadda za a rubuta aron gona a gaban shaidu a ajiye, don kada 'ya'ya su zo su yi abin da na yi. Da shi na saya bara, da takarda ta aminci na rubuta, da Baba zai noma gonar nan har ƙarfinsa ya ƙare.

Amma na hango wata ƙofa, kuma tun safe take yi mini yawo a kai. Babu takarda. Waɗanda ke wurin ranar da Bube ya ba da gonar duk sun rasu. Damin ne kaɗai shaida. In Baba ya ce kyauta Bube ya ba shi, damin kuwa alheri ne na abota, kamar yadda ake kai wa maƙwabci sabon gero, wa zai ƙaryata shi?

Talata, 28 ga Mayu, bayan la'asar

Na gaya wa Baba. Na zauna ƙasa kusa da tabarmarsa, na fara da cewa littafina ya yi kure, ni ma na yi kure. Ya ce, "To." Sai na kawo zancen ƙofar. Na tsara masa shi tiryan-tiryan, kalma biyu zai faɗa a zaure, sauran ya bar mini.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "In Lurwanu ya ce a ɗauko Alƙur'ani fa?"

Na ce ba lalle a kai nan ba.

"Ko ba a kai ba. Ranar da Bube ya ba ni gonag ga, ni da shi muna tsaye ƙarƙashin gawo, ya ce, Na Allah, ci da ɗiyanka har in waiwayo. Bai waiwayo ba har ya mutu. Da wane baki zan ce kyauta ce?"

Na ce to me za mu ci? Na ce masa gaskiya ba ta cika rumbu. Na faɗi haka da ƙarfi, Inna ta leƙo daga madafa. Baba ya ce, "Bara na bi littahinki. Bana ki bar ni in bi nawa." Ya tashi ya yi alwala.

Ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina da nake jin haushinsa.

Alhamis, 30 ga Mayu, da azahar

Na je gidan Lurwanu ni kaɗai, ba wanda ya aike ni. Ya fito, na durƙusa na ce, "Yaya Lurwanu, ni na rubuta takardar. Baba bai san abin da ke ciki ba. Ka hukunta ni, ka bar mashi gona."

Ya ce ya sani tun ranar. Ya ce da dami ne kawai ba a kawo ba, da ya ce shekara ce ta yi wuya, ba zai ko tambaya ba. Amma takardar sai da ya kai lakwal aka karanta masa a gaban mutane, ƙannensa biyu suna tsaye. Yanzu sun ce in bai karɓo gonar ubansu ba, gobe wata takardar za ta zo ta cinye sauran. Ƙaramin ya dawo daga kiwo, shanu sun ƙare, yana da mata da 'ya'ya uku, an riga an ce masa tasa ce. "Raihana, ba ni ɗaya ba ne yanzu. Bakin alƙalami ya bushe."

Ya sa an kawo mini nono. Ban iya sha ba.

Asabar, 1 ga Yuni

An yi yayyafi wajen Hawandawaki. Nan ko ɗigo. Ban buɗe littafin egizama ba yau kwana goma sha biyu.

Lahadi, 2 ga Yuni, da yamma

Baba ya ce gobe in zo in zauna bayan Inna, kada in buɗe baki ko an kira sunana. Na ce to. Na ce zan riƙe na fotokofin ko da za a nema. Ya ce a bar shi gida.

Litinin, 3 ga Yuni, bayan azahar

An gama. Ko awa ɗaya ba a yi ba.

Zauren ya cika har waje. Lurwanu ya faɗi nasa a taƙaice, kansa a sunkuye. Maigari ya juyo ya ce, "Na Allah, gonag ga aro ce ko kyauta?" Wallahi har lokacin ina fata ya ce kyauta ce.

Baba ya ce, "Aro ce, ranka shi daɗe."

Wani dattijo ya ce, "Madalla." Maigari ya ɗaga takardata, na gane ta daga inda nake, har da layin da na ja ƙarƙashin lambar artikil. Ya ce to wannan fa, wa ya kawo shawararta? Duk zauren ya san amsa. Na ji idanu a ƙeyata. Baba ya ce, "Yatsana ne a kanta. Kwaɗai ya kama ni da tsuhwa, ina neman gahwara gun ɗiyan Bube."

Kwaɗayi. Mutumin da shekara talatin da uku bai taɓa kai ƙaramin dami ba. Na yunƙura zan tashi, Inna ta danne mini cinya da hannu har sai da na ji zafi.

Dattawa sun roƙi a bar masa ko rabi, ko bana kawai saboda takin da ya zuba. Lurwanu ya dubi ƙannensa, ƙannensa suka dubi ƙasa. Aka rubuta sulhu: gona ta koma gidan Bube. Kowa ya dangwala. Aka shafa fatiha.

Laraba, 5 ga Yuni, da safe

Inna ta ce wani ɗan'uwanta a wajen Mayahi zai iya ba mu wani yanki, jigawa ce, sai an kwana can. Baba ya ce za a duba. Ya ce ni kuwa Asabar in koma Tawa, egizama ba ta jiran kowa. Na ce ban ga amfanin karatun ba. Ya ce, "Kin ɓata da rabi, sai ki tsaya a rabin?"

Alhamis, 6 ga Yuni, da yamma

Yau Baba ya kai Lurwanu da ƙanensa gona don ya nuna musu iyaka. Na bi su, bai hana ni ba.

Ya bi gamba kututture bayan kututture, tun daga burtali har bakin gonar yamma. Ba wanda ya tambaye shi, amma ya gaya musu komai. Nan ruwa ke kwanciya, a sa dawa. Nan ƙuduji ke fitowa, a riƙa tugewa tun bai yi fure ba. Takin kusurwar arewa bai ruɓe ba, a baza shi da nisa. Ƙananan gawon nan da ya yi shekaru yana yi wa aski, kada a sare, su ke riƙe ƙasar. Ƙanen Lurwanu yana ta cewa, "To Baba, to Baba," bai iya haɗa ido da shi ba.

Da muka zo babban gawo, akwai wata tsohuwar randa da aka binne rabi a gindinsa, wadda ake zuba ruwan sha lokacin noma. Na girma ina sha a cikinta. Baba ya tsaya a kanta, ya gyara hula, ya ce, "Lurwanu, ko ka ba ni izini in ɗauki randag ga? Ta uwar ɗiyana ce."

Lurwanu ya ce, "Haba Baba." Ya juya baya. Baba ya tsaya yana jira, don da gaske yake tambaya. Sai da Lurwanu ya ce a ɗauka, sannan ya durƙusa ya fara tone rairayin da hannu.

Na ce ya bari ni in yi. Ya bar mini. Ni na ɗauko ta a ka har gida, yana gaba ina baya.